MALAMIN DA YA SA MU A HANYA

'Yan'uwa cikin Almasihu, mu buɗe Luka 17:11-19. Kutare goma suka roƙi jinƙai, Ubangiji ya tsarkake su duka, amma ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya, shi kuwa Basamariye ne. Ubangiji ya tambayi inda taran nan suke. Ba a ce taran mugaye ne ba. Murna ce ta ɗauke su, kowa ya nufi gidansa da sabuwar fata. Haka mu ke yi da malamanmu. Mun iya karatu, mun sami aiki, mun wuce.

Mu da ke zaune a Rigachikun, a bakin hanyar Zariya, motoci suna wuce mu dare da rana. Wanda ya bi hanyan nan zai kai Wusasa, inda majami'ar St. Bartholomew take tsaye, ginin ƙasa na 1929. Labarin makarantar wurin ya kamata kowane mai bi na ƙasar Hausa ya san shi.

Likita Walter Miller, mutumin Ingila, an haife shi a 1872. Ya fara koyon Hausa a Tarabulus. A 1900 ya zo tare da Bishop Tugwell, suka kai Kano, Sarkin Kano Alu bai ba su izinin zama ba. Suka koma Girku, a can ɗaya daga cikinsu ya rasu. In da mutum ne mai sanyin zuciya, da ya koma gida ke nan. Amma a 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani, ya tara yara kaɗan yana koya musu karatu.

Ku lura da wannan. Mutumin nan likita ne, yana da abin da duniya ke girmamawa. Duk da haka yawancin ƙarfinsa ya tafi wajen allo da yara, da juya Maganar Allah zuwa Hausa. A 1913 waɗansu daga cikin Isawa, masu neman sanin Annabi Isa, suka zo wurinsa. Aka kafa musu gari a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa garin, mutane da yawa suka mutu, sauran suka watse. Ga idon mutum, aikin ya lalace. Amma akwai yara a makarantar Zariya, kuma abin da aka zuba a kansu ciwon barci bai taɓa shi ba. Daga baya aka ƙaurar da makarantar zuwa Wusasa.

Me ya fito daga ciki? Likita Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham. Babban asibitin da ke cikin garin Kaduna yana ɗauke da sunansa, da yawa cikinmu an kwantar da mu a can. Ishaya Audu, ɗan zuriyar Isawa, likitan yara, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Yakubu Gowon ya yi karatun farko a Wusasa. Kuma a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin da Miller ya ba shekaru masu yawa tare da abokan aiki, Turawa da Hausawa. Ya rasu a 1952, a ƙasan nan aka binne shi.

Ba mu ce shi mala'ika ne ba. Mutum ne mai kaifin harshe, ya yi ta saɓani da hukumar Turawa da sarakuna, har da abokan aikinsa. Wannan ma darasi ne, gama waɗansunmu sun riƙe bulalar malaminsu a zuci shekara talatin, sun manta baƙaƙen da ya koya musu, alhali da baƙaƙen nan suke karanta wannan takarda.

Kada kuma manyan sunaye su ruɗe mu. A bayan kowane Dikko akwai malamai 'yan ƙasa da ba a rubuta sunansu ba: mai bishara da ke koyar da yara a inuwar mangwaro da safe, ya tafi gona da rana, ya hura fitila da dare domin manya, matar da ta koya wa 'yan mata karatu a lahadi bayan sujada. Bulus da kansa, da yake ba da labarin ransa a Urushalima, bai ɓoye sunan Gamaliyel malaminsa ba (Ayyukan Manzanni 22:3), ko da yake hanyarsu ta rabu.

Ga inda abin ya taɓa mu. A ranar godiya mukan zaunar da mai kuɗi a gaba, a ambaci abin da ya bayar. Tsohon malamin firamare yana can baya, fanshonsa bai isa magani ba, rabin dattawan ekklesiya kuwa ta hannunsa suka bi. Samarinmu suna ganin wannan, shi ya sa in ka ce wa yaro ya zama malami sai ya ɓata fuska. In muka ci gaba haka, wa zai koya wa jikokinmu? Galatiyawa 6:6 ta umurci wanda ake koya wa Magana ya raba abinsa mai kyau da mai koya masa. Abu mai kyau ya haɗa da hatsi da kuɗin asibiti, ba yabo kaɗai ba.

Saboda haka muna roƙon kowace ekklesiya, dattawa su zauna cikin watan nan su rubuta sunayen malaman da ke cikinsu, tsofaffi da masu aiki yanzu, da gwaurayen waɗanda suka rasu. A ware musu rabo daga baikon kaka. Wanda malaminsa yana da rai, ya shirya ya tafi da ƙafarsa ya gaishe shi, ya tafi da 'ya'yansa, su ga fuskar mutumin. Wanda malaminsa Musulmi ne, shi ma ya tafi.