Jirgin wasa da tiyar hatsi

Ƙaramin ma'aikacin da ya tsaya ƙofar kanti a Maraɗi yana kallon jirgin wasa mai saukar ungulu, irin wanda ake tuƙawa daga nesa, lissafi biyu yake yi: na aljihunsa da na bakin mutane. Mai hali in ya saya wa ɗansa, ba mai tambayarsa dalili. Talaka kuwa sai an auna masa kuɗin da tiyoyin hatsi, a ce almubazzaranci ne, tamkar ciki kaɗai aka halitta masa.

Wannan hukunci ba adalci cikinsa. Yaron da ke ƙera mota da kara ko gwangwanin madara ya riga ya shaida cewa wasa buƙata ce. Abin da ya kamata uba ya ji tsoro shi ne araha, domin ta iya yaudara. Jirage masu rahusa, irin Syma S107 na birnin Shantou a ƙasar Sin, da wani haske da ido ba ya gani ake sarrafa su, ba da rediyo ba. Rana na rikita su, iskar hunturu ta kwashe su, batirin kuma da wuya ya kai minti 8. Don falo mai rufaffiyar taga aka yi su, alhali yaranmu a tsakar gida suke wasa.

Uban da ya san haka yakan daure wata biyu, ya cika kuɗin mai rediyo, ya tambaya ko ana samun fukafukan canji. Mai gaggawa kuwa yakan shigo da kwali mai ƙyalli, washegari ɗansa na hangen jirgin bisa reshen dogon yaro.