Amanar Mara Lafiya: Wa Za A Tambaya?

Godiya ta tabbata ga Allah Mai saukar da cuta, Mai saukar da magani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaba, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Malaman tarbiyya sun daɗe suna karantar da cewa hidima ga bayin Allah ƙofa ce daga ƙofofin kusanci ga Ubangiji. A cikin bayin Allah kuwa babu mai buƙatar hidima kamar mara lafiya, domin yakan zo ne ba ƙarfi, ba zaɓi. To, idan aka kawo shi gidan likita ya tarar babu magani, ko babu mai duba shi, a wuyan wa amanarsa take? Ma'aikacin da ke gabansa, ko shugaban da bai taɓa ganin fuskarsa ba? A ƙasar Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri cikin jihar Dosso ta Nijar, wannan tambaya ce ta kullum.

Tsarin kiwon lafiya a can hawa-hawa ne. Akwai ƙaramin ɗakin likita na ƙauye, irin waɗanda aka gina da yawa a zamanin shugaba Tandja Mamadou. Sama da shi akwai cibiyar da ake kira CSI, wadda majo ke riƙe da ita, sannan asibitin gunduma, sannan babban asibitin Dosso, wanda ke nesa da Dogon Dutsi da fiye da kilomita 100. A shekarar 2011 aka yanke Tibiri daga Dogon Dutsi ta zama gunduma mai zaman kanta, tare da Gesheme da Dumega da Kore Mairuwa, don hukuma ta matso kusa da jama'a.

A 2005 da 2006 gwamnati ta ɗauki alkawari mai girma: fiɗar haihuwa kyauta, maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, awon ciki kyauta. Alherin wannan a bayyane yake. Tsakanin 1998 da 2009 mutuwar ƙananan yara a Nijar ta sauko daga 226 zuwa 128 cikin kowane 1000, kuma maganin kyauta na cikin sanadin haka. Sai dai alkawari kaya ne. Ka'idar ita ce gidan likita ya yi wa yaro magani, ya aika takardar kuɗi, gwamnati ta biya. Biyan ya riƙa jinkiri, watanni har shekaru. Asusun da kwamitin gari ke sayo magani da shi ya ƙafe, sai majo ya koma rubuta wa uwa takarda ta je ta sayo a waje abin da aka ce mata kyauta ne. Ga kuma ƙarancin hannu: ƙwararru sun fi taruwa a Yamai da manyan birane, ƙauye ya dogara da 'yan kwantaragi da masu aikin sa kai. Da damina, lokacin da masassara ke kayar da yara kuma rumbu ya yi ƙasa, ma'aikaci ɗaya kan kwana ya wuni a kan layin da ba ya ƙarewa.

A nan ne son rai ke kawo wa kowa uzurinsa. Ma'aikaci ya ce: "An hana ni haƙƙina, babu kayan aiki, me zan yi?" Da wannan sai ya halatta wa kansa tsawa ga matar da ta yi tafiyar rabin wuni a amalanke, ko rufe ƙofa tun rana ba ta yi ba, ko gabatar da ɗan gidan wane a kan wanda ya fi jigata. Maganarsa ta farko gaskiya ce, amma matar nan ba ita ta riƙe masa albashi ba. Sakin fuska, da duba yaro da natsuwa, da faɗa wa uwa gaskiyar halin ɗanta, da tura ta gaba kafin lokaci ya ƙure, duk suna hannunsa ko da ɗakin magani wayam yake. Gidan likitan ƙauye, inda mai sa ido kan daɗe bai leƙo ba, makaranta ce ta ihsani. Can ake gane wanda ke aiki don ganin mutane da wanda ke aiki don ya san Allah Yana ganinsa.

Uzurin shugaba ya fi wannan ɓoyuwa, don haka ya fi haɗari. Shi yakan ce wa na ƙasa: "Ku yi haƙuri, aikin lada ne." Haƙuri ado ne ga wanda ya ɗauke shi da kansa don Allah. Idan mai riƙe da haƙƙin mutum ne ya umarce shi da haƙuri alhali yana da ikon biya, ya mai da kalma mai tsarki mayafin zalunci. Wanda ya yi shelar kyauta bai tanadi kuɗinta ba, ya karɓi yabo ya bar wa majo zagin jama'a. Wanda ya ɗauke ungozoma daga ƙauyen Dogon Kiriya ko Sukukutan zuwa birni saboda alfarmar wani babba, ya sa hannu cikin abin da zai sami mai naƙuda da tsakar dare, ko bai taɓa jin sunanta ba. Nisan ofis daga gadon mara lafiya ba ya rage nauyin alƙalami.

Amsar tambayar ke nan: kowa za a tambaye shi gwargwadon abin da aka sa a hannunsa, kuma sakacin wani ba ya wanke wani. Shugaba ya fi kowa nauyi, domin kuskurensa guda kan sauka a gidaje dubu. Ma'aikaci na biye, domin shi ne fuskar da mara lafiya ke gani.

Jama'a ma suna da kasonsu. A jihar Dosso an san tsarin ƙara dala ashirin a kan kuɗin ganin likita, ana tarawa don motar ɗaukar marasa lafiya ta samu mai idan haihuwa ta gardama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka kuma wanda aka zaɓa cikin kwamitin gidan likita ya sani kuɗin marasa lafiya aka damƙa masa. Magidanci kuma ya buɗe ƙofa ga masu raba wa yara maganin rigakafin masassara wata-wata a damina, kada ya bar matarsa ta kwana biyu tana naƙuda yana jiran gari ya waye.

Mai neman yardar Allah da zikiri da tsayuwar dare ya duba abin da aka ba shi riƙo, alƙalami ne, allura ce, ko makullin asusu, domin da shi za a fara yi masa hisabi.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya ƙarfafi masu jinyarsu, Ya sa tsoronSa a zukatan shugabanni, albarkar Annabi (SAW). Amin.