Yaron da Ya Haddace Suratul Gashiya, a Kai Shi Ya Ga Raƙumi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya yi mana ji da gani da zukata. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, dalilin wannan nasiha shi ne ƙarar da wasu iyaye suka kawo mana daga wani ƙauye na yankin Alela. Sun ce mushen 'yan ajin farko ya fitar da yara daga lakwal, ya kai su garka suna ƙirga kunyoyin albasa. Suka ce karatu suka aike su, ba yawo ba, har wasu suka yi niyyar cire 'ya'yansu. Muna yaba kishinsu, amma mun ga wajibi ne mu duba abin da addini ya ce.

Yaranmu suna haddace Suratul Gashiya tun suna ƙanana. A cikinta, daga aya ta 17 zuwa ta 20, Allah (S.W.T.) Ya zargi waɗanda ba sa duban raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa don su gane Mahaliccinsu. A aya ta 20 ta Suratul Ankabut kuma Ya yi umurni da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda Ya fari halitta. To, yaya za mu sa yaro ya haddace umurnin dubawa, sa'an nan mu hana a kai shi ya duba?

Haka kuma Manzon Allah (S.A.W.) bai taƙaita koyarwa a cikin masallaci ba. Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) yana yaro, suna tafe yana bayansa a kan abin hawa, ya koya masa kiyaye dokokin Allah da dogaro gare Shi, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Muslim kuma ya ruwaito daga Jabir (R.A.) cewa ya ratsa kasuwa, ya kama kunnen mushen ɗan akuya, ya nuna wa sahabbai ƙasƙancin duniya da shi. Hanya da kasuwa duka sun zama makaranta a wurinsa.

Mu kuwa Allah Ya shimfiɗa mana darussa a ƙofar gida. A garkar albasa ta Galmi yaro zai ga iri ƙanƙane baƙi, ya ga dashe, ya ga ban ruwa, ya ga rudun da ake ajiya. Nan zai koyi ƙirga da awo, ya kuma fahimci cewa manomi yana shuka, Allah Yake fitarwa. A fadamar Ƙwanni zai ga yadda ruwan Majiya da aka tare a madatsun Mozage da Zango yake rayar da busasshiyar ƙasa da rani, wanda shi ne misalin da Alƙur'ani ya sha bugawa a kan tashin matattu. A Malbaza, inda ake yin siminti tun shekarun 1960, akan sami kwanson halittun teku a cikin farin dutsen da ake haƙa, domin masana sun ce teku ya taɓa rufe wannan yanki fiye da shekaru miliyan 50 da suka shige. Yaron da ya riƙe irin wannan dutse a hannunsa ba zai manta ba cewa Allah Yana juya ƙasa yadda Ya so.

Sai dai yara amana ce, kuma kowane makiyayi abin tambaya ne a kan kiwonsa. Saboda haka muna kira ga malamai da su sanar da iyaye da mai gari kafin fita, su nemi iznin mai garka, su ƙirga yara a tafiya da dawowa. A fita da sanyin safiya, a riƙe ruwan sha, a dawo kafin azahar. Kada a bar yaro ya kusanci bakin rijiya ko madatsa ko titin mota. A tafi da wata dattijuwa saboda 'yan mata, domin su ma neman ilimi ya hau kansu. Idan an dawo a tambayi kowane yaro abin da ya gani, don kada fitar ta zama yawon da iyaye suke tsoro.

Malaman allo ma wannan kira ya haɗa da su. Ranar Alhamis ba a karatu, me zai hana wani lokaci a kai almajirai kasuwar dabbobi su ga raƙumin da suke karantawa? Ku kuma iyaye, idan za ku gona ku riƙe hannun ɗanku, ku gaya masa sunan itace da tsuntsu, ku koya masa addu'ar fita daga gida da ta shiga kasuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna roƙon waɗanda suka kawo ƙara da su bar 'ya'yansu a makaranta, su zauna da malamin su tsara fita ta gaba, har ɗayansu ya raka su.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya saka wa malamansu da alheri. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.