Ko Ɗan Adam Ya Taɓa Ƙaunar Daji?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, na ce:

Masu cewa da can mutum yana son daji,
Su tambayi gatari abin da ya gani, ya ji.

Ƙasa ba amarya ce ba, ajiya ce gare mu,
Mai ajiya yana nan tafe, zai tambaye mu.

Sharhi:

Ka sani, ya ɗan'uwa, akwai masu cewa mutanen farko sun zauna da daji zaman masoya, sai zamani ya raba su. Wannan magana ta yi ƙarfi a Turai tun ƙarshen ƙarni na 18, sa'ad da masana'antu suka fara yawaita a Ingila. Ka lura da wannan. Wanda ya koma birni, ya tsira daga kura da fari, shi ne ya fara begen daji.

Amma kakanninmu, ni a ganina, abu biyu ya haɗa su da daji: tsoro da bukata. Wanda ya ga yunwar Kakalaba ta 1914, ya haƙa gidan tururuwa yana neman tsaba, bai kira ƙasa masoyiya ba. Haka abin yake a nesa. A tsibiran Niyu Zilan akwai manyan tsuntsaye marasa tashi da ake kira mowa. Mutane sun isa can wajen shekarar 1300, kafin shekara 200 sun ƙarar da su, alhali babu bindiga, babu inji.

In ka ce: to, gawo fa, wanda manomi ke bari tsakiyar gonarsa? Sai in ce: gaskiya ne, amma dubi dalili. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya ciyar da bisashe. Duk da wannan alheri, sai da Sarkin Damagaram Tanimun ya kafa doka mai tsanani kan saransa a ƙarni na 19. Da so ya isa, da ba a bukaci doka ba.

To, mene ne sunan abin da ke tsakaninmu da ƙasa? Ni na ce amana. So yana zuwa yana tafiya, kuma mai so yana zaɓe: ya so dabino ya ƙi ƙaya. Mai riƙon amana kuwa ba ya zaɓe, domin abin ba nasa ba ne, kuma za a yi masa hisabi.

Ga hujja kusa da mu. Bayan farin 1973 da na 1984, manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon kututture a gonakinsu, suna sassabe shi maimakon tumɓukewa. An ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 suka tashi a kan hekta miliyan 5. Wahala ce ta karantar da su, haƙuri ya cika aikin.

Saboda haka kada ka yi kukan zamanin da ba a yi ba. Ka dubi gatarin da ke hannunka, ka tuna jikanka zai nemi inuwa. Allah ya sa mu sauke amana. Amin.