Amanar Takardun Mamaci

Ludwig Wittgenstein, shaihun malamin falsafa a Jami'ar Kambirij, ya rasu a 1951, ya bar wa almajiransa uku amanar rubutun hannu wajen shafi 20,000. A ciki akwai littattafan da ya cika yana soja a Yaƙin Duniya na Farko: falsafa a shafin dama, a hagu kuwa tsoronsa da sha'awarsa da addu'o'insa, cikin juyayyun haruffa. A 1961 almajiran suka buga dama, suka rufe hagu. A ganinmu sun kyauta, domin wanda ya juya haruffa sutura ya nema. Sai dai da hagun ya fito littafi a 1991, a nan manazarta suka ga yadda tunanin mutuwa ya shiga mantiƙinsa.