Sanin Buƙatar Mai Saye: Amana Ce Ko Tarko?

Masana harkar kasuwanci na wannan zamani sun kusa haɗuwa a kan magana guda, wato cewa duk sana'ar da ba ta san abin da masu sayen kayanta suke buƙata ba, ba za ta daɗe a kasuwa ba, kuma duk wata sabuwar dabara ko sabuwar haja da ba a gina ta a kan wannan sani ba, asarar jari ce kawai. Peter Drucker, wanda ake ɗauka a matsayin uban ilimin tafiyar da kamfanoni, ya nuna a wani littafinsa na shekarar 1954 cewa manufar kafa kowace irin sana'a ita ce samar da mai saye, sannan a 1960 Theodore Levitt na Jami'ar Harvard ya kafa hujja da kamfanonin jiragen ƙasa na Amurka, waɗanda ya ce sun ja da baya ne saboda sun ɗauka sana'arsu jirgin ƙasa ce, alhali abin da jama'a suke nema shi ne hanyar isa inda za su je da kai kayansu, ko da mota ce ko jirgin sama. Babu mai hankalin da zai musa amfanin wannan darasi, amma akwai tambayar da darasin bai amsa ba, kuma tambaya ce ta addini da ɗabi'a kafin ta zama ta riba: idan ɗan kasuwa ya san abin da ke zuciyar mai saye, har ya san rauninsa da tsoronsa da abin da yake kwaɗayi, mene ne ya halatta ya yi da wannan sani?

Tambayar ta ƙara nauyi ne tun da masanin tattalin arziki John Kenneth Galbraith ya bayyana a 1958 cewa manyan kamfanoni ba biyan buƙata kaɗai suke yi ba, su ne suke haifar da ita ta hanyar talla, sannan su dawo su sayar da maganinta. In haka ne, to maganar da masanin tattalin arziki Adam Smith ya yi tun 1776, cewa amfanin mai saye shi ne maƙasudin duk wani abu da ake sarrafawa, ta juye ke nan, mai sayen ya zama shi ne abin da ake sarrafawa.

Malaman Musulunci sun tunkari wannan al'amari ta wata ƙofa dabam. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa sana'o'i irin su noma da saƙa da ɗinki cikin farilla ta kifaya, wato wajibin da yake kan al'umma baki ɗaya, wanda idan wasu suka tsaya da shi sauran sun kuɓuta, idan kuwa kowa ya bari to kowa ya yi laifi, sannan a babin neman abinci na littafinsa Ihya'u Ulumiddin ya kwaɗaitar da ɗan kasuwa ya shiga kasuwa da niyyar sauke wannan wajibi. Abin da ke biyo bayan wannan fahimta shi ne cewa binciken buƙatar jama'a ɓangare ne na aikin kansa, domin ba a sauke wajibin tufatar da al'umma da tufafin da ba za su iya sawa ba, ko waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihunsu. Magabatan ƙasar Hausa sun san haka a aikace ko da ba su rubuta shi a littafi ba. Marinan Kura a ƙasar Kano sun shahara da turkuɗi, wanda ake saƙawa ƙyalle siriri, a rina shi da baba har ya yi baƙi, a buga shi a bugu har ya riƙa ƙyalli, kuma manyan masu sayensa Buzaye ne na Azbin da sauran mazauna hamada, waɗanda suke son wannan ƙyalli da wannan launi a rawunansu. Marinin da ke zaune a bakin karofi yana aiki ne da idon mutumin da ke nesa da shi tafiyar makonni a kan raƙumi, fatake ne suke kawo masa labarin abin da aka yaba da abin da aka kushe. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a 1851 ya tarar da tufafin Kano suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, kuma irin wannan kasuwa ba ta samuwa sai ga mutanen da suka iya saurare.

Shari'ar kanta ta nuna wannan hali na duban buƙatar mutane a hukunce-hukuncen ciniki. Asalin ƙa'ida shi ne an hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa, saboda gararin da ke ciki, wato rashin tabbas da kan jawo jayayya. Amma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Abbas cewa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iso Madina, ya tarar da mutane suna biyan kuɗin amfanin gona tun shekara ɗaya ko biyu kafin ya nuna, sai bai hana su ba, ya dai sharɗanta cewa a fayyace mudu da nauyi da lokacin bayarwa. Wannan shi ne cinikin salam, kuma hikimarsa a fili take: manomi yana buƙatar kuɗi tun kafin girbi, mai saye yana buƙatar rangwame, sai aka bar buƙatar tana nan aka toshe ƙofar zalunci. Haka malaman Hanafiyya suka halatta istisna'i, wato a ba maƙeri ko baduku aikin abin da bai riga ya ƙera ba, saboda mutane sun saba da shi kuma ba su da makawa daga gare shi. A wannan zamani ma, bankin Jaiz da ya fara aiki a Nijeriya a 2012 ya samu gindin zama ne saboda akwai ɗimbin mutane da suke son ajiya da jari amma suna gudun riba, buƙatar da tsofaffin bankuna suka daɗe suna kallo ba su gani ba.

Sai dai ba duk abin da rai ya nema ba ne yake daraja ɗaya, kuma a nan ne rabe-raben da Imam Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, ya faɗaɗa bayaninsu a littafinsa Al-Muwafaƙat suke da amfani ga ɗan kasuwa. Mataki na farko shi ne larurori, abubuwan da rayuwa ba ta tsayuwa sai da su, kuma sun taru a kan kiyaye addini da rai da hankali da zuriya da dukiya. Na biyu shi ne buƙatu, waɗanda rashinsu ba ya halaka mutum amma yana jefa shi cikin ƙunci. Na uku kuwa abubuwan ƙawa ne da kyautatawa, kamar tufafi mai kyau da turare da abinci mai daɗi. Shaɗibi bai ƙasƙantar da mataki na uku ba, abin da ya tabbatar shi ne cewa na ƙasa hidima yake yi wa na sama, don haka ba a yarda a rushe larura don a gina ƙawa ba. Ɗan kasuwar da ya riƙe wannan ma'auni zai iya sayar da kayan alatu hankalinsa kwance, amma ba zai gina arzikinsa a kan abin da ke cin hankalin mai saye ko lafiyarsa ba, komai yawan masu layi a ƙofar shagonsa.

Dogon layi, a gaskiya, ba shaida ce ta buƙata ba. Kafin gwamnatin Nijeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai sinadarin kodin a watan Mayu na 2018, masu sayar da shi a ɓoye sun san kasuwarsu sani na haƙiƙa: sun san unguwannin da ake nema, sun san matasa da matan aure da ke cikin damuwa, sun san farashin da za su iya biya da lokacin da suke zuwa. Idan sanin mai saye shi kaɗai ne ma'aunin ƙwarewa, to waɗannan ƙwararru ne, alhali abin da suke sayarwa yana rushe ɗaya daga cikin larurori biyar. Haka kuma sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar tallar madarar jarirai a 1981, bayan an ga yadda talla ta shawo kan iyaye mata a ƙasashe matalauta suka bar shayarwa suka koma madarar gwangwani, wadda suke damawa da ruwa marar tsabta, ko su tsinka ta saboda tsada. Masu wannan talla sun fahimci burin kowace uwa na ganin ɗanta ya yi ɓulɓul, kuma da wannan fahimtar ce aka cutar da ita. Yau lamarin ya fi tsanani, domin wayar hannu tana tattara bayanan mai ita, inda ya je da abin da ya duba da daren da ya kasa barci, har manhajojin caca da na bashin gaggawa suna iya sanin ranar da aljihunsa ya bushe su tallata masa kansu a daidai wannan rana. Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma doka tana iya tsare hanyar tattara bayani ne, ba ta iya shiga niyyar wanda ya tattara.

Akwai mai cewa, kuma maganarsa tana da ƙarfi, wa ya naɗa ɗan kasuwa waliyyin mai saye? Baligi mai hankali shi ya fi kowa sanin abin da ya dace da shi, kuma idan aka ba 'yan kasuwa ikon tantance abin da talaka yake buƙata da gaske, ƙarshenta raini ne zai shigo, a ce talaka ba ya buƙatar waya mai kyau ko atamfa mai tsada ranar salla. Wannan gaskiya ne, kuma fikihu yana tare da mai wannan magana zuwa wani matsayi, tunda asalin mu'amala halacci ne, ciniki kuma yana ƙulluwa ne da yardar ɓangarorin biyu. Amma yarda ba ta cika sai da sani. Wanda aka ɓoye wa aibi, ko aka kambama masa tsoro, ko aka tare shi a lokacin da ƙunci ya rufe masa ido, bakinsa ne ya yarda. Saboda haka ne aka hana najashu, wato mutum ya ƙara farashi ba da niyyar saye ba sai don ya ruɗi wani, aka kuma hana tarar ayari a bayan gari kafin masu kaya su san farashin kasuwa. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, sannan ya barranta daga mai algus. Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda ɗaliban zaure suke karantawa a duk faɗin ƙasar Hausa, ta jera hanin yaudara da ɓoye aibi da gauraya mai kyau da maras kyau a babin ciniki. Abin da ya haɗa waɗannan hukunce-hukunce shi ne hana wanda ya fi sani ya ci wanda bai sani ba da saninsa.

Daga nan ake samun ma'aunin da ya fi dacewa da mai binciken kasuwa, wanda bai mai da shi waliyyi ba kuma bai sake masa linzami ba: da mai saye zai san duk abin da mai sayarwa ya sani game da hajar, da kuma abin da ya sani game da shi kansa mai sayen da yadda aka yi amfani da wannan sani, shin zai ci gaba da cinikin yana mai godiya? Tsarin M-Pesa da kamfanin Safaricom ya ƙaddamar a Kenya a 2007 ya tsallake wannan ma'auni cikin sauƙi. An fara gwada shi ne don biyan ƙananan basussuka, sai masu tsarin suka lura mutane suna amfani da shi wajen tura wa juna kuɗi, suka sauya akalarsa zuwa hidimar ma'aikacin birni da ke son aika wa iyayensa kuɗi ƙauye ba tare da ya damƙa wa direban mota ba, kuma babu abin kunya idan an gaya wa wannan ma'aikaci yadda aka gano buƙatarsa. Mai shagon unguwa da ke ƙulla sukari da man gyaɗa da garin madara a 'yan ƙananan ƙulli, saboda ya san maƙwabtansa kuɗin yini suke samu ba na wata ba, shi ma ya tsallake, ko da yake ƙulli ya fi mudu tsada idan aka lissafa, muddin dai bai tauye awo ba kuma bai mai da talaucinsu hanyar tsawwalawa ba. Mai manhajar caca kuwa ba zai taɓa yarda ya bayyana wa yaron da ya cinye wa kuɗin makaranta yadda aka tsara launuka da ƙararrawa da ɗan cin farko don a riƙe shi ba.

Nauyin yana kan ɓangarori biyu da suka daɗe ba sa zama tare. Sassan koyar da kasuwanci a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai suna koyar da dabarun binciken mai saye, ya kamata su haɗa da koyar da iyakar abin da ya halatta a yi da sakamakon binciken. Malaman da ke karantar da babin ciniki a zaure da masallatan kasuwa su kuma ya kamata su fito da misalansu daga dabino da raƙuma zuwa talla ta intanet da bashin waya da sayar da bayanan mutane, domin 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa na Kano da ke zaune a gabansu da waɗannan tambayoyi suke kwana.