Yafiyar da Aka Karɓa da Kunya

Kaɗan ne daga cikin mazauna Lazare, a nan Yamai, suke tsayawa su tambayi ma'anar sunan unguwarsu. Kalmar ta Faransanci ce, tana nufin wurin da ake tsare matafiyi ko majinyaci, a keɓe shi na wasu kwanaki, har a tabbata bai ɗauko wata cuta da zai shigar wa jama'a ba. Dattawa sun fi tuna wurin da sansanin da aka kafa lokacin farin 1973 zuwa 1974, sa'ad da dubban makiyaya, akasarinsu Buzaye, suka rasa dabbobinsu suka gangaro bakin birni. Amma kalmar tana da tsohuwar dangantaka da aikin Hajji. Bayan annobar kwalara da ta ɓarke a Makka a 1865, an yi ta kafa irin waɗannan wurare a gaɓar Bahar Maliya, ana tsare alhazai a tafiya ko a dawowa: a tsibirin Kamaran, a Ɗur ta Sina'i, daga baya kuma a Sawakin ta Sudan, inda mutanen ƙasar Hausa suke shiga jirgin ruwa. Tambayar da ake yi wa matafiyi a can ɗaya ce: me ka ɗauko?

A yau katin allurar sanƙarau da ta shawara ya ɗauke wa maniyyaci wannan zama. Sai dai akwai wani kaya da yake ɗauke da shi wanda likita ba ya gani, ma'aunin filin jirgin sama na Diori Hamani kuma ba ya nunawa. A kansa nake son mu yi nazari.

Kurakuran da aka saba lissafawa a wurin bita sanannu ne, ba sai na daɗe a kansu ba. Wani ya kulle haraminsa cikin babban akwati, akwatin ya shiga cikin jirgi, alhali bai tambaya ba ko Madina za a fara sauka ko Jidda. Wanda ya fara da Madina, a Zulhulaifa zai ɗaura. Wanda aka nufi Jidda da shi kuwa, malamai sun yi saɓani a kan inda zai yi niyya, da yawansu suna cewa tun cikin jirgi. Wani bai san bambancin ifradi da ƙirani da tamattu'i ba, sai a Makka ya ji cewa biyun ƙarshe suna da hadaya, ga shi kuɗin sun tafi a tsaraba, ya koma ga azumin kwana 3 a can da kwana 7 a gida. Wani ya shekara 20 bai taka daga gida zuwa kasuwa ba, ga Safa da Marwa kaɗai kusan kilomita 3 ne. Wani ya karɓi saƙon da bai buɗe ba. Wani ya bi bizar ziyara don ta fi araha, ya manta cewa a Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ƙirga mutum 1,301 da suka rasu cikin tsananin zafi, kashi 83 cikin 100 ba su da izinin aikin, wato ba su da tanti ba su da mota. Duk waɗannan, malami da hukumar COHO da kamfanin jigila suna iya gyara su da bita ta mako ɗaya.

Wanda bita ba ta cika taɓawa ba, a ganina kuwa shi ne babba, yana faruwa ne tun a ƙofar gida, ranar bankwana.

Mai karatu ya san yadda abin yake. An kafa rumfa, an jera kujeru, an yi sauka, an raba abinci. Maniyyaci ya miƙe da farar riga ya ce duk wanda ya yi wa laifi, da saninsa ko ba da saninsa ba, ya yafe masa don Allah. Jama'a su amsa baki ɗaya: mun yafe, Allah ya yafe mana. A ƴan shekarun nan ma an rage wahala, saƙo ɗaya ake turawa ta WhatsApp ga mutum ɗari. To, a duba cikin taron. Ga dillalin kasuwar dabbobi ta Turaku wanda la'adarsa ta ragon bara ba ta fito ba. Ga maginin da ya ɗora bene aka ce ya dawo bayan salla. Ga yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana wanke-wanke, albashinta na wata uku yana hannun uwar gida. Ga ƙanwa, wadda filin gādon da aka sayar aka biya kujera akwai rabonta a ciki. A cikinsu wa zai iya ɗaga hannu ya ce bai yafe ba? Kafin ya rufe baki an ce masa mara imani, zai tare wa bawan Allah hanyar ɗakin Allah saboda jika 20. Sai ya haɗiye, ya ce ya yafe, ya ci shinkafarsa ya tafi.

Tambayar ita ce, wannan yafiya ce? Ni dai ban yarda ba. Yafiya kyauta ce, kyauta kuwa ba ta tabbata sai mai bayarwa ya san abin da yake bayarwa, yana kuma da ikon hanawa. A taron bankwana duka biyun babu. Ba a ambaci laifin ba balle adadin kuɗin, an lulluɓe bashin jika 200 da harara da ɓacin rai cikin kalma guda. Ikon hanawa kuma kunya ta ƙwace shi. Mu Hausawa muna yabon kunya, mun kuma yi daidai, domin ita ce ta riƙe zumuntarmu; amma idan mai ƙarfi ya jingina da kunyar mara ƙarfi ya karɓe haƙƙinsa, bambancinsa da mai ƙwace a hanya shi ne wannan ana binsa da addu'a.

Magabata ba su bar wannan magana a duhu ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da ya zo babin Hajji a littafinsa Ihya'u Ulumiddin, kafin ya yi zancen abin hawa da abokin tafiya sai da ya fara da tuba, da mayar da abin da aka ci da zalunci, da biyan bashi, da barin abin ci ga iyali har a dawo. Malamai sun rarrabe haƙƙin Allah da haƙƙin bayi: na farko tuba da tsayuwar Arfa suna kankare shi, na biyu sai an biya ko mai shi ya saki da yardarsa. Ya zo a hadisi cewa ko shahidi ana gafarta masa komai ban da bashi. A tarihin Hijira ma, sa'ad da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai bar Makka ana neman ransa, sai da ya bar Sayyadina Aliyu ya mayar wa mutane ajiyarsu.

Kakanninmu da suka tafi a ƙasa sun fahimci haka ba don sun fi mu karatu ba, sai don hanya ta tilasta musu. Wanda zai bi ta Barno ya ratsa Chadi da Darfur, yana noma a nan yana ƙwadago a can, shekaru yake yi, bai kuma san ko zai dawo ba. Zuriyar waɗanda ba su dawo ba tana nan cike da Sudan, a Mai Wurno da sauran garuruwa. Irin wannan matafiyi bankwanansa na mai barin duniya ne, gida-gida yake bi, ya warware abin da ke tsakaninsa da kowa, ya bar wasiyya. Jirgin sama ya mayar da shekarun sa'o'i, sai muka riƙe kalmomin bankwanan, muka yar da aikinsa.

Za a ce mini, kuma da gaskiyar mai faɗa, idan sai mutum ya wanke kansa tas kafin ya tafi, ai ba mai zuwa. Wane ɗan kasuwa ne a Yamai ba ya bin wani, wani ba ya binsa? Ga tsufa, ga kujeru ƙididdigaggu tun da ƙasashen Musulmi suka amince a 1988 da mutum 1,000 cikin kowane miliyan, ga abin da aka gani a 2020 da 2021 lokacin da korona ta rufe ƙofa ga duk wanda ke wajen Saudiyya. Wanda ya samu bana, me zai sa ya jira baɗi? Ƙari a kan haka, mazhabar Malikiyya ta faɗaɗa ma'anar iko, har ta ce mai lafiyar da zai iya takawa, yana da sana'ar da zai ci da ita a hanya, Hajji ya hau kansa.

Amsar ita ce bashi iri-iri ne. Wanda lokacinsa bai yi ba, mai shi ya san da tafiyar, akwai kuma dukiyar da za a biya shi daga ciki, wannan ba ya hana kowa tafiya. Mansa Musa kansa, da zinariyar da ya raba a Alƙahira a Hajjinsa na 1324 ta ƙare, rance ya ci a wurin attajiran Masar kafin ya koma gida. Ibn Baɗɗuɗa ya ba da labarin ɗaya daga cikinsu, Sirajuddin ɗan Kuwaik, mutumin Iskandariyya, wanda ya biyo kuɗinsa har ƙasar Mali, ya rasu a Tumbuktu, ɗansa ya ƙarasa ya karɓo. Abin lura a labarin shi ne mai bin bashin yana da raƙuma da guzurin ratsa Sahara ya je ya tsaya gaban sarki. Yarinya mai wanke-wanke kuwa daga madafa zuwa falon uwar gida ya fi mata Sahara nisa. Bashin da ya kamata ya hana maniyyaci barci shi ne na wanda ba ya iya tambaya, kuma sau da yawa bai kai kuɗin dardumai da zamzam da haƙorin Makka da za a dawo da su ba.

Neman yafiya na gaskiya ba ya son rumfa. Mutum ya je shi kaɗai, ya zauna ƙasa da mai haƙƙi, ya ambaci abin da sunansa da adadinsa, ya ajiye kuɗin a gabansa. In ba su cika ba ya faɗi ranar cikawa, a rubuta, a sa shaidu, a bar takardar a hannun wanda zai tsaya wa gida. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. In mai haƙƙi ya tura kuɗin ya ce ya bari, bayan ya gan su da idonsa, to wannan ya yafe.

Saura wanda aka nema aka rasa. Malamai suna cewa a ba magadansa, in su ma ba a same su ba a yi sadaka da niyyar ladan ya je masa. Wannan yana da sauƙi ga dillali da magini, domin a Turaku kowa ya san gidan kowa. Ita yarinyar kuwa, in ta gaji ta koma ƙauye kafin damina, sau da yawa gidan da ta yi wa aiki shekara biyu sunanta na yanka kaɗai ya sani, sai a fara cigiyar matar da ta kawo ta.